Rawani Uku a Gidan Galadima

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ja kwanana har hannuna ya gaji da mabugi ya koma ga alƙalami. Ni ne Haruna, wanda ake kira Sarkin Bugu a Birnin Gwari tun kafin a haifi iyayen wasunku. Na sauke Alƙur'ani a gaban malamin unguwarmu, na karanta abin da ya sawwaƙa na fiƙihu, sa'an nan na zauna a bakin gungume ina bugun tufafi har gemuna ya yi fari. Abin da ya sa na jiƙa tawada yau, wata magana ce da ta iso kunnena daga marina. An ce wani daga cikinku, ku samarin da kuka gaje mu, ya ce bugu ba sana'a ba ce, duka ne kawai, ko biri aka miƙa wa mabugi zai iya. Ban tambayi sunansa ba. Na san kakansa, shi ma haka ya riƙa faɗa kafin ya fasa babban yatsansa.

A gefen babban gungumen nan da kuke zama a kai, ta wajen gabas, akwai wani gurbi inda itacen ya ɓantare. An gaya mini a ciki kuke tara ɓawon gyaɗa. Ban hana ku ba. Amma ya kamata ku san hannun da ya yi gurbin, domin ba hannun talaka ba ne, kuma a ranar da aka yi shi sarautar wani babban gida da abincin marinarmu duka suna rataye a kan gungumen nan.

Gungumen kansa kirya ne, daga dajin Kakangi aka saro shi. Gwarawa ne suka kawo shi a kafaɗa, gama su ba su ɗora kaya a ka, suna tafe suna waƙa, suna hutawa a duk inuwar da ta yi musu. Maigidana, Audu Mabugi, bai bari an taɓa shi da tufa ba sai da ya sha damina ya sha rani a ƙarƙashin rumfa. Sa'an nan aka fere bayansa, aka goge da yashi da ganye mai kaushi, har in ka shafa tafinka sai ka ji kamar bayan ƙwarya. Mabugai kuwa bibbiyu ake sassaƙa su daga reshe guda, don nauyinsu ya zo daidai. Wanda ya haɗa mabugin wannan reshe da na wancan, kunnen duk unguwa zai gaya masa kuskurensa kafin tufar ta gaya masa.

Aikina na farko a gidan Audu ba bugu ba ne, saurare ne. Sai ya zaunar da ni in ba gungume baya, shi da abokin bugunsa su kama aiki, ya ce in ɗaga hannu in na ji tufa ta ƙoshi. Ɗanyar tufa tana amsa mabugi da murya ƙasa-ƙasa. In shuni ya fara kwanciya sai muryar ta ɗaga, in ya kwanta sarai sai ta yi wata ƙara siririya kamar an taɓa tasa. Bugu ɗaya bayan wannan ƙarar ɓarna ne. Na ɗaga hannu da wuri, na sha ranƙwashi. Na ɗaga a makare, na sha wani. Sai da kunnena ya waye aka ba ni mabugi, a nan kuma na tarar da babban karatun: bugu na mutum biyu ne. Kuna fuskantar juna, tufa a tsakaninku. Naka yana sauka nasa yana tashi, hannun hagu yana jan tufa kaɗan-kaɗan. In kuka sauka tare, mabugai su yi karo. In ka yi jinkiri, hannunka na hagu ya biya.

Wata riga da wani malami ya kawo mini ita ce ta koya mini halin masu kawo aiki. Ya ce a buga ta sama-sama, shi ba mai son ƙyalli ba ne, duniya ba wurin zama ba ce. Na buga sama-sama. Ya karɓa, ya juya ta a rana, ya juya, ya ce, "Malam Haruna, ko dai hannunka yana ciwo ne?" Tun daga ranar na gane cewa in malami ya ce sama-sama, yana nufin ta yi sheƙi amma kada a ce shi ya nema. Fulanin daji su ne masu sauƙi. Bafulatani zai tsaya a kanka da sandarsa a kafaɗa, ya ce a buga har ya ga haƙoransa a ciki, in ya gani ya yi murna, ya aiko maka da nono. Mata kuwa ba su yarda da ido ba, sai sun shinshina.

Shekarar da mahara suka rufe hanyar daji, ita ce mugunyar shekararmu. Matan ƙauyukan Kakangi su ke kawo mana baba, ganyen da ake yin shuni da shi. A shekarar babu wadda ta iya ratsa daji. Karofi, wato ramin rini, ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ruwansa ya yi fari, ya yi wari. Muka koma bugun tsofaffin riguna da yayyafin ruwa kawai, muna ba su ƙyallin da ba ya kai la'asar. Marina da yawa suka ɗauki fartanya. Ni ban ɗauka ba, amma na koyi cin tuwo ba miya.

Wannan shekarar ce ta raba manyan gari gida biyu. Akwai masu cewa a riƙe hanyar kakanni: a ɗaga ganuwa, a rufe ƙofa da wuri, kada a yi magana da mahara, kada a sake wa fatake fuska, abin da gari ya noma ya saƙa ya isa gari. Cibiyarsu gidan Galadima, wanda shi ke riƙe wa Sarki garuruwan daji tun daga Kakangi har Kuyello. Akwai kuma masu cewa a nemi sulhu a buɗe hanya, jagoransu Alasan mai goro, wanda ya yi fatauci ƙasashe ya dawo da wadata, kuma ta wajen uwa yana da jinin sarauta. Mutum ne mai hankali, ban taɓa cewa ba haka ba. Sai dai ya faɗa a kasuwa, a gaban jama'a, cewa bugun garinmu kamar gindin tukunya yake, kuma in ya sami iko, tufafin Kano bugaggu za su cika gari. Kun ga ke nan inda abincinmu ya tsaya.

Da Galadima ya rasu, cikin bazara, sai maganar magaji ta tashi. To, ga al'adarmu, ku riƙe ta, gama a kanta labarin yake. Baƙin rawani a garin nan na mai sarauta ne kaɗai. Malami da attajiri da ɗan sarauta marar sarauta, fari suke naɗawa. Kowane gida da ke neman sarauta yakan zo gaban Sarki ranar Juma'a da mutum ɗaya da rawani ɗaya, sabo, wanda bai taɓa hawa kan kowa ba. Gidan da ya zo da biyu ya nuna ba ya iya riƙe kansa, balle garuruwa, sai Sarki ya juya ga wani gida. Shi kuma rawanin, bugun sarauta ake yi masa: a cika shi da garin shuni da ɗan kitsen akuya, a buga har baƙinsa ya riƙa walƙiya da ja-ja. Ranar da aka fara naɗa shi yakan bar zobe a goshi, kuma sabon mai sarauta yana alfahari da zoben nan, da shi yake zaga gari gaisuwa. Saboda haka goshi mai shuni kafin Juma'a ma'anarsa ɗaya ce: mutum ya naɗa kansa, ya riga Sarki.

Alasan ma ya fito neman sarautar. Gidan Galadima ya fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Amma gidan yana da maza biyu da kowannensu yake ganin kansa daidai rawani. Ɗaya Mamman Dogo, ɗan marigayi. Ɗaya Bawa, ɗan wan marigayi, wanda ubansa ya riƙi sarautar tun da fari, kuma ya girmi Dogo. Ra'ayinsu ɗaya a kan ganuwa, ɗaya a kan ƙofa, ɗaya a kan fatake. Da yake ba su da abin da za su yi gardama a kai, sai suka yi gardama a kan wanda ya fi wani riƙon hanyar kakanni.

Mutanen Dogo suka ce an ga Bawa a wajen wani suna ya karɓi goron Alasan, har an ga jansa a haƙoransa. Mutanen Bawa suka ce Dogo yana da madubi a ɗaka, na fatake, kuma mutumin da ke duba fuskarsa a kayan baƙi ba zai tsare ƙofar gari ba. Bawa ya daina sa takalmin da ba dukawan gari suka ɗinka ba. Dogo ya ji, ya ce shi ya daina cin gishirin da raƙuma suka kawo. Ya riƙe wannan alkawari da ƙarfi har miyar gidansa ta rinjaye shi. Masallacin unguwa ya rabu, masu bin wannan a dama, masu bin wancan a hagu, liman yana tsakiya yana gajarta sura. Alasan kuwa yana zaune a zaurensa, yana dai miƙa goro ga duk wanda ya gaji da rigimar ya shigo. Masu shigowa kullum ƙaruwa suke yi.

Rawanin farko Dogo ne ya kawo shi da kansa, farar saƙa a ƙarƙashin rigarsa.

Ya ce, "Sarkin Bugu, wannan na wani baƙo ne. A rina, a yi masa bugun sarauta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙon nan kansa ya kai naka girma?"

"Kusan ɗaya ne."

"To, a gaya wa baƙo kada ya gwada shi. Bazara ce. Shuni da kitse da gumi in suka haɗu a fata, sai sun ga dama suke fita."

Ya ce baƙon ba yaro ba ne.

Bayansa kaɗan sai ga Bawa, da tasa saƙar a cikin buhun dawa. Ya ce na wani malami ne a Kuyello. Na tuna masa cewa malamai fari suke naɗawa. Ya ce wannan malamin dabam yake. Na yi masa gargaɗin da na yi wa ɗan'uwansa, kalma da kalma. Ku lura, ban gaya wa wannan zancen wancan ba. Mai bugu yana ganin abin da ke ƙarƙashin rigar kowa, kuma ranar da ya fara ɗaukar zance daga wannan gida zuwa wancan, ranar gungumensa ya zama itacen wuta. Na rina duka biyun a karofi ɗaya da ya rage mana da rai, na buga su bugun da ban ji kunyarsa ba, kowa ya aiko aka karɓa masa.

Ana cikin makon da za a shiga gaban Sarki, da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa daga marina, sai ga Dogo ya shigo rumfata. Ya sa hula haɓar-kada, ya ja ta har gira, ya saki kunnuwanta, gumi yana bin gemunsa.

Ya ce, "Sarkin Bugu, baƙon nan nawa yana tambaya. Wai me ke fitar da shuni daga fata?"

Kafin in amsa sai inuwa ta rufe ƙofar rumfa. Bawa ne. Shi ma haɓar-kada, shi ma har gira. Suka tsaya suna duban juna.

Dogo ya ce, "Yaya Bawa, lafiya da hula haka a wannan zafi?"

"Mura nake yi. Kai fa?"

"Ni ma mura."

"Ikon Allah. A gida ɗaya muka kwaso ta ke nan."

Babu wanda ya zauna, babu wanda ya fita. Ni kuwa na ci gaba da ninke zanen da ke gabana, gama mai zanen ta ce za ta zo da azahar, kuma ba mace ce da ake sa wa jira ba. Gwaggo Hansatu ke nan, ƙanwar marigayi, wadda ta goya Dogo ta kuma yi wa Bawa wankan jarirai. Ta tsufa har ta rankwafa, amma muryarta ba ta rankwafa ba. Daga baya na ji cewa matan gidajen biyu sun riga sun kai mata labari, kowacce tana kuka a ɓoye, ba ta san ɗayar ma ta zo ba.

Ta shigo tana dogara sanda. Suka durƙusa suka gaishe ta. Ta sa bakin sanda ta ture hular Dogo, ta juya ta ture ta Bawa.

Ban taɓa ganin aikina ya zauna da kyau haka ba. Zobe biyu, baƙi mai ja-ja, daga kunne zuwa kunne. Na Dogo ya yi jawur a gefe inda ya dirje shi da toka da lemun tsami. Na Bawa ya fi faɗi, domin shi da yake ya haramta wa kansa madubi, a ƙwaryar ruwa ya duba, ya daɗe a sunkuye, rawanin ya zamo har gira.

Gwaggo ta ce, "Barka da sarauta. Galadima biyu a rana ɗaya. Wa ya naɗa ku, ban ji tambari ba?"

Dogo ya ce, "Gwaggo, dubawa kawai na yi ko ya yi mini daidai."

"A madubin fatake?"

Bawa ya ɗaga kai da sauri. "Kin ji ko, Gwaggo? Na faɗa ana cewa ƙage ne."

"Rufe mini baki, mai ƙwarya. Kai naka har ya kusa shiga ido." Ta juyo gare ni. "Sarkin Bugu, zai fita kafin Juma'a?"

Na ce, "Iya, zai dushe, amma mai ido zai gani. Sarki kuwa yana da ido."

"Rawunan fa?"

"An karya ninkinsu, sun sha gumi. Ba sababbi ba ne kuma."

Ta zauna a kan gungume ta ce, "Ubanninku sun riƙe garuruwan nan da yunwa da kibiya. Ku kun sayar da su a kan leƙen fuska. In kuka shiga gaban Sarki da wannan goshi, ya kore ku. In kuka ƙi zuwa, a ce gida ya fashe. Ko ta ina Alasan ya ci, bai ko tashi daga tabarmarsa ba." Ta buga sanda a ƙasa. "A aika Kuyello a kira mini Isiyaku."

Isiyaku ɗan ƙanen ubanninsu ne, manomi, mutum mai kunya, wanda in ya zo birni yakan rasa inda zai sa hannuwansa. Su biyun suka buɗe baki tare, karo na farko da na ji sun yi abu tare. Dogo ya ce Isiyaku bai san fada ba. Bawa ya ce an taɓa ganinsa yana hira da fatake a bakin rafi.

Gwaggo ta ce, "Na ji. Amma a duk gidan nan shi kaɗai ne namijin da goshinsa ke da tsabta."

Dogo ya ce, "To mu fa, Gwaggo? Yaya za mu tsaya a bayansa da wannan abu?"

"Shunin da ke goshi kaɗai shi ne abin kunya. In ya game hannu da fuska da riga, sunansa aiki. Ku za ku buga wa ɗan'uwanku rawaninsa, da hannunku, a nan, gari yana ji."

A nan na sa baki, gama sana'a tana da haƙƙi ko a gaban manya. Na ce bugun sarauta ba a ba ɗan koyo. Muka daidaita a kan cewa za su koya a kan rawunansu da suka ɓata, in kunnena ya yarda su yi wa sabon rawanin bugun farko, ni da abokin buguna mu ƙarasa. Na sa sabuwar saƙa a karofi a ranar.

Washegari da hantsi na zaunar da su suna fuskantar juna, na ba su mabugai na reshe guda. Nan take aka tsaya a kan wa zai fara saukewa. Bawa ya ce shi ne babba. Dogo ya ce shi ne ɗan marigayi. Na ce musu, "Ranku ya daɗe, a bugu babu na fari. In an yi uku an yi huɗu, ko ni ba na iya tuna wanda ya fara." Ba su yarda ba. Suka ɗaga tare, suka sauke tare, mabugai suka yi karo a sama, garin shuni ya tashi ya rufe su. Suka sake, suka sake yin karo. Da Bawa ya ga haka sai ya yi niyyar riga ɗan'uwansa, ya miƙa hannun hagu ya ja tufa, mabugin Dogo ya sauka a kan babban yatsansa. Abin da ya faɗa ba na rubutawa ba ne. Dogo ya firgita, ya ɗaga mabugi da ƙarfi don ya nuna ba da gangan ba ne, ya kauce wa tufa gaba ɗaya, ya sami gefen gungume. Kirya da ta sha bugun ƙwararru ba ta ko tsage ba, ta ɓantare a hannun ɗan Galadima. Gurbinku ke nan na ɓawon gyaɗa.

Gwaggo tana zaune a kan tabarma tana kallo. Ta ajiye sanda ta fara tafi, ɗaya, ɗaya, a hankali, irin tafin da ake yi wa yaro mai koyon tafiya. "Bawa. Mamman. Bawa. Mamman." Suka bi, don babu yadda za su yi. Rawanin Dogo ya yage a ƙarƙashinsu kafin azahar. Na Bawa ya bi shi da la'asar. Amma kafin ya yage na ji abin da nake jira: sautin ya daina tuntuɓe. Gwaggo ta daina tafi ba su lura ba.

Ku sani, bugu ba ya ɓoyuwa. Duk unguwa ta ji wannan mummunan bugu da safe, mutane suka fito su ga wanda ke kashe gungumen Sarkin Bugu. Suka tarar da Dogo da Bawa gwiwa da gwiwa, baƙi ƙirin har gira, suna yi wa juna tsawa a kan jan tufa. Kafin magariba labari ya kai ko'ina cewa gidan Galadima ya haɗu. Waɗanda suka saba zuwa zauren Alasan suka fara tuna cewa suna da aiki a wani wuri.

Isiyaku ya iso da ƙurar hanya a ƙafarsa, gama daga sharar gona aka ɗauko shi. Ya ga 'yan'uwansa a bakin gungume, ya ga Gwaggo, ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, me na yi?"

Ta ce, "Ba ka yi kome ba. Shi ya sa."

Suka yi wa sabon rawani bugun farko, kuma zan faɗi gaskiya, bai yi muni ba. Muka ƙarasa, na ninke shi da hannuna, Gwaggo ta ɗauke shi ta kwana da shi a ƙarƙashin matashinta, ta ce ta gama yarda da maza.

Ranar Juma'a ina cikin waɗanda suka shiga fada, gama Sarkin Bugu ke miƙa rawani. Alasan ya zo da nasa, bugun Kano. Ya yi kyau, ban hana shi ba, ko da yake ni da na ƙara masa kitse kaɗan. Gidan Galadima suka shigo da mutum ɗaya a gaba, rawani ɗaya, Dogo a damansa, Bawa a hagunsa da yatsa a ɗaure, jama'arsu har waje. Sarki ya daɗe yana dubansu.

Ya ce, "Mamman, Bawa, me ya same ku haka?"

Bawa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, rawanin ƙanenmu muka buga da hannunmu."

"Da hannunku."

"Da hannunmu, ranka ya daɗe."

Sarki ya sunkuyo kaɗan, ya ƙanƙance ido. Ya ce, "Madalla da zumunci. Sai dai na ga kamar goshinku ya riga hannuwanku fara aikin."

Sa'an nan Sarki ya koma ya jingina, ya ce gidan da manyansa suka zauna a ƙasa suka yi wa ƙaraminsu bugu, ya iya riƙe garuruwa. Ya sa aka naɗa Isiyaku. Zoben da rawanin ya bari a goshinsa ya fito sosai, kuma shi ne kaɗai zoben da aka yi maganarsa da ƙarfi a ranar.

Abin da ya biyo baya kun tarar da shi. Galadima Isiyaku bai daɗe ba ya kira Alasan, ya sa shi ya nemo sulhu aka buɗe hanyar daji, gama shi manomi ne, ya san abin da rufaffiyar hanya ke yi wa ƙauye. Amma ya kafa sharaɗi: fatake su shigo da farar saƙa yadda suka so, rini da bugu kuwa a garin nan za a yi. Baba ya dawo daga Kakangi, karofi ya farfaɗo, aiki ya yi mana yawa har muka saro gungume na biyu. Dogo da Bawa suka ce an ci amanar kakanni. Tun daga lokacin kullum da la'asar suna zaune a zaure ɗaya, a tabarma ɗaya, suna sukar Isiyaku, wannan ya ɗauko wancan ya ƙarasa, ba mai katse wani, har Allah ya karɓi ransu. Goron da suke ci a wajen, na Alasan ne. Ban taɓa ganin haɗin kai mai ƙarko irin nasu ba, kuma ina ganin a gungumena suka koyi yadda ake ba juna hanya.

Wannan shi ne abin da na ga ya wajaba in rubuta muku, godiya ta tabbata ga Allah da ya nufe ni da gamawa. Shi kuwa saurayin nan mai zancen biri, ba na fushi da shi. Ya nemo wanda ba sa ga-maciji da shi a unguwa, su zo da hantsi, zan sa a kawo ni a zaunar da ni a kan tabarma in yi musu tafi. Ya share ɓawon gyaɗa daga gurbin, ya dube shi da kyau kafin ya ɗauki mabugi. Kuma ya yi sallama da babban yatsansa tun daga gida.